Duke, UConn, Houston, Alabama ko Florida: Wace Jami'a Za Ka Riƙe a Wasannin Jami'o'in Amurka?

Wanda ya fara kallon ƙwallon kwando ko zari-rugar jami'o'in Amurka (wadda suke kira American football) ba ya daɗewa sai kallon ya gundure shi, muddin ba shi da ƙungiyar da gabansa ke faɗuwa dominta. Ƙungiyoyin sun yi yawa. A babban rukunin kwando kaɗai jami'o'i sun haura 350, manyan na zari-ruga kuma sun wuce 130. Mutanen can ba sa wahalar zaɓi: makarantar da mutum ya yi, ko jihar da aka haife shi, ko wadda ya taso ya ga mahaifinsa na yi wa ihu, ita ce tasa har tsufa. Mu da ke kallo daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi, wuƙa da nama na hannunmu. Na ɗauko guda biyar saboda kowace irin goyon bayanta daban ne, da irin daɗinta da irin ciwon kanta.

Shawarata tun daga farko ita ce kada ka zaɓi jami'a saboda wani yaro da ka ga yana tashe a YouTube. Da ma'auni huɗu zan auna su: ɗorewa, sauƙin kallo, kuɗi da haɗari. Dalilin shawarar na cikin ma'auni na farko.

Ɗorewa: me zai rage bayan shekara biyu?

A ƙwallon Turai mun saba ɗan wasa ya shekara biyar ko goma a kulob ɗaya. Nan ba haka abin yake ba. Dokar NBA, babbar gasar kwando ta ƙwararru, ta ce sai matashi ya kai shekara 19, kuma ya shekara guda da gama sakandare, kafin a ɗauke shi. Don haka fitattun 'yan kwando kan shigo jami'a su yi kaka ɗaya, wata biyar zuwa shida, su kama gabansu. NFL kuwa, takwararta ta zari-ruga, shekara uku take buƙata bayan sakandare, shi ya sa 'yan zari-ruga kan ɗan jima, amma ba lallai a makaranta ɗaya ba. Tun 2021 aka sassauta dokar sauya sheƙa, ɗan wasa ya daina zaman shekara guda ba wasa idan ya koma wata jami'a, a 2024 kuma aka cire iyakar sau nawa zai iya komawa. A Yulin 2021 aka halatta musu karɓar kuɗin talla da sunansu da hotonsu, abin da ake kira NIL. Sai kuma Yunin 2025, inda kotu ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, kimanin dala miliyan 20.5 ga kowace jami'a a shekarar farko.

Tawagar da ka haddace sunayenta a watan Maris, rabinta na iya watsewa kafin Nuwamba. Abin da ke zama shi ne koci, da salon wasansa, da nauyin aljihun jami'ar da masu ɗaure mata gindi. Su za ka duba.

Sauƙin kallo: ƙarfe nawa, a wace tasha?

Gabashin Amurka na bayan Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi da awa 5 daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, da awa 6 a sauran watannin. Mutumin Ghana ya rage awa ɗaya a lissafin da ke tafe, na Sudan ya ƙara ɗaya.

Zari-ruga wasan Asabar ne, daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Disamba, wasa 12 kacal kafin a shiga na cin kofi. Wanda aka fara da tsakar rana a can, ƙarfe 5 na yamma ne a nan. Na 3:30 ya faɗo 8:30 na dare, lokacin da an yi isha'i an ci tuwo, ba abin da ya fi shi daɗi. Na dare shi ne matsala: ya fara bayan sha biyu, kuma duk da agogon wasan minti 60 ne, yakan ci sama da awa uku, sai ka ga an tashi dab da kiran sallar farko. Abin takaicin, idan ƙungiya tana tashe, manyan wasanninta ake yawan turawa dare.

Kwando ya fi gajarta, rabi biyu na minti 20, a gama cikin awa biyu. Amma wasanni sun haura 30 a kaka, da yawa a tsakiyar mako, ƙarfe 7 ko 9 na dare agogon gabas, wato 1 ko 3 na dare a nan cikin sanyin Janairu. Mai zuwa aiki ko kasuwa da safe ba zai jure wannan ba, sai dai ya tsaya ga na ranar Asabar da rana, sauran ya kalli taƙaitaccen bidiyo.

Sai tasha. Tashoshin ESPN na Afirka, da ake samu a DStv da StarTimes, su ne babbar ƙofar kallon waɗannan wasanni. Tun 2024 haƙƙin nuna wasannin gida na rukunin SEC, ɗaya daga cikin rukunonin da aka raba jami'o'in, inda Alabama da Florida suke, ya koma hannun ESPN da ABC gaba ɗaya. Rukunin ACC na su Duke ma na ESPN ne. Big 12 na su Houston rabawa ake tsakanin ESPN da Fox da wasu, Big East na su UConn kuwa Fox ce uwa a kai. Ba kowane wasa ake ɗaukowa Afirka ba, amma wannan rabon yana nuna maka wanda za ka fi yawan gani.

Kuɗi

Kuɗin tasha ko na data ɗaya ne, ko wa ka zaɓa. Jesin asali, ta Nike ko Jordan, tana kaiwa wajen dala 100 kafin kuɗin kawowa. Amma wanda ya san Kofar Wambai a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna ya san dilar gwanjo ba ta rasa rigunan jami'o'in Amurka. Sau da yawa za ka ga ɗan acaɓa sanye da jar riga mai babban harafin A na Alabama, ko mai hoton kada na Florida, bai san ma ƙungiya ba ce. Na UConn da Houston sun fi wuyar tsinta a ganina. Tikitin shiga fili sai ga wanda ke da hanyar zuwa Amurka, kuma a nan ne bambancin ya fi fitowa.

Haɗari

Gasar cin kofin kwando ta ƙasa, March Madness, ta koma ƙungiyoyi 68 a 2011, kuma sili ɗaya ƙwale ce. Ba gida da waje, ba gyara kuskure. Ka yi wata huɗu kana lashe kowa, dare ɗaya ƙwallo ta ƙi shiga, shi ke nan. A zari-ruga gasar cin kofi ta ƙungiyoyi 4 ce daga 2014 zuwa 2023, ta koma 12 a 2024, amma har yanzu faɗuwa uku a kaka na iya rufe maka ƙofa. Akwai kuma haɗarin korar koci, ko wata jami'a ta ɗauke shi, wanda yakan tafi da 'yan wasa a bayansa.

Duke

Jami'a ce mai zaman kanta a garin Durham na jihar North Carolina, kuma sunanta a kwando yake. Mike Krzyzewski ya horar da ita daga 1980 zuwa 2022, ya ci kofi biyar: 1991, 1992, 2001, 2010 da 2015. Da ya ajiye, tsohon ɗan wasansa Jon Scheyer ya karɓa, kuma gidan bai girgiza ba. Ta fuskar ɗorewar suna, Duke ba ta da matsala. Ta fuskar ɗorewar 'yan wasa kuwa ita ce ta fi kowa saurin juyawa. Kyrie Irving wasa 11 kawai ya buga mata kafin a ɗauke shi na ɗaya a zaɓen sabbin 'yan wasan NBA na 2011. Zion Williamson a 2019, Paolo Banchero a 2022, Cooper Flagg a 2025, duk kaka ɗaya suka yi, duk aka ɗauke su na ɗaya. Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu, dogon da ya tsare musu ƙarƙashin kwando tare da Flagg, shi ma kaka ɗaya, kamar yadda Luol Deng ya yi shekara ashirin kafin shi.

Kallonta shi ya fi sauƙi cikin masu kwando, domin ESPN ba ta gajiya da nuna ta. Tikitinta shi ya fi tsada. Zaurenta, Cameron, mutum 9,314 kawai yake ɗauka, ɗalibai kan kafa tantuna su yi makonni suna kwana a waje cikin hunturu don su samu shiga wasan hamayya da North Carolina. A wasan Fabrairun 2019 tikitin bayan fage ya haura dala 2,500, Barack Obama na zaune a gefen fili, kafin a cika minti ɗaya takalmin Zion ya yage a ƙafarsa, ya ji ciwo a gwiwa ya fita. Masu kuɗinsu suka zauna suna kallon Duke na shan kashi ba shi.

Haɗarin Duke biyu ne. Yara masu shekara 18 da 19 kan rikice idan aka matsa su a watan Maris. A wasan kusa da na ƙarshe na 2025 suna gaban Houston da maki 14 saura wajen minti takwas, suna gaba da 6 saura daƙiƙa talatin da 'yan kai, aka tashi 70 da 67 Houston ce a sama. Na biyu, Duke ce ƙungiyar da sauran Amurka ke murna idan ta faɗi. Ka shirya wa tsiya a duk majalisar da aka san wasan.

UConn

Jami'ar jihar Connecticut, a wani ƙaramin gari mai suna Storrs. Ba ta da tsohon tarihi irin na Kentucky ko Kansas, amma daga 1999 zuwa 2024 maza sun ci kofi shida, ba wata jami'a da ta kusanci haka a wannan tsakanin. Abin da ya fi burge ni shi ne koci uku daban suka kawo su: Jim Calhoun a 1999 da 2004 da 2011, Kevin Ollie a 2014, Dan Hurley a 2023 da 2024. A waɗannan biyun na ƙarshe sun buga wasa 12 a gasar, babu ko ɗaya da suka ci da ƙasa da maki 13. A Yunin 2024 Lakers ta yi wa Hurley tayin dala miliyan 70 na shekara shida, ya ce a'a, ya zauna. Mutum ne mai zafin kai, alƙalan wasa sun san muryarsa, amma tsarin da yake koya wa 'yan wasansa na zagaye da musayar ƙwallo abin kallo ne.

Ga mai neman abin da zai haɗa shi da ƙungiya, UConn na da shi. Emeka Okafor, ɗan asalin Najeriya, shi ne gwarzon gasar 2004. Gwarzon 2023 kuwa Adama Sanogo ne ɗan Bamako, wanda ya buga ƙarshen gasar da azumin Ramadan a bakinsa tare da abokan wasansa biyu, Hassan Diarra da Samson Johnson ɗan Togo. A wasan kusa da na ƙarshe da Miami mintuna kaɗan ne tsakanin shan ruwa da busa usur, ya shiga ya zuba maki 21.

Ƙari a kan haka, ƙungiyar matansu ƙarƙashin Geno Auriemma ta ci kofi na 12 a 2025, ta taɓa jera wasa 111 ba a doke ta ba. A 2004 da 2014 maza da mata suka haɗa kofunan biyu a shekara ɗaya.

Inda take da rauni: wasanninta na cikin kaka sun fi wuyar samu a tashoshinmu, sai an shiga Maris. Zari-rugarta ba ta cikin kowane rukuni, ba ta kuma cikin masu neman kofi. Sannan ta san faɗuwa warwas: bayan kofin 2014 ta yi shekara uku a jere, 2017 zuwa 2019, ba ta ko shiga gasar ba, aka sallami Ollie a tsakiyar wannan hali.

Houston

Nan zan ɗan daɗe, domin ita ce wadda ɗan Najeriya zai fi jin tana kiransa, kuma ita ce za ta fi wahalar da shi.

Hakeem Olajuwon ya baro Legas a 1980, yaron da ya fara da tsaron raga a ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu, bai taɓa kwando ba sai da ya zama saurayi. Shi da Clyde Drexler da sauran yaran koci Guy Lewis suka mayar da Houston ƙungiyar da ba ta san wasa a ƙasa ba, sai tsalle da danna ƙwallo cikin kwando. Sau uku a jere suka kai matakin huɗun ƙarshe, 1982 da 1983 da 1984. A wasan ƙarshe na 1983 kowa ya gama ba su kofi a kan NC State. Ana 52 da 52, saura daƙiƙoƙi, Dereck Whittenburg ya wurgo ƙwallo daga nesa, ta gaza kaiwa, Lorenzo Charles ya cafe ta a sama ya danna, aka busa tashi. Duk da faɗuwar, Olajuwon aka ba gwarzon gasar. Shekara ta zagayo suka sake zuwa wasan ƙarshe, Georgetown ta Patrick Ewing ta doke su 84 da 75. Olajuwon ya tafi NBA a matsayin na ɗaya a shekarar da aka ɗauki Michael Jordan na uku, ita kuwa jami'ar ba ta sake cin ko wasa ɗaya a gasar ba sai 2018.

Wanda ya tono ta daga ramin shi ne Kelvin Sampson, da ya zo a 2014. Salonsa ba na ƙawa ba ne. Tsaro ne mai shaƙe wuya, mutum biyu su rufar wa mai ƙwallo, sannan duk ƙwallon da ta daki ƙarfe ta dawo, a yi mata rubdugu. Ya saba riƙe 'yan wasa shekara uku ko huɗu yana gasa su, don haka a nan ne kake da damar sanin fuskoki ka shaƙu da su. Wannan, a zamanin sauya sheƙa, ba ƙaramin abu ba ne.

Sai wasan ƙarshe na 7 ga Afrilun 2025 a San Antonio. Kwana biyu bayan sun juye wa Duke wasa, suna gaban Florida da maki 12 a rabi na biyu. Florida ta kamo su ta wuce. Ana 65 da 63, ƙwallon ƙarshe a hannun Houston, Emanuel Sharp ya tashi zai harba ta maki uku, ya ga Walter Clayton ya taso masa, sai ya saki ƙwallon ƙasa. Doka ta hana shi sake taɓa ta, ya tsaya yana kallon ta tana tsalle, wani ɗan Florida ya faɗa kanta, lokaci ya ƙare. Ko harbin ba a yi ba. Zuwa 2025, sau bakwai Houston ta kai huɗun ƙarshe, sau uku wasan ƙarshe, kofi babu.

Kallonta matsakaici ne, kuma da yake Texas na bayan gabas da awa ɗaya, wasannin gida kan ƙara nisa cikin dare. Ga mai tafiya, ita ta fi sauƙin kaiwa: babban birni ne mai tarin 'yan Najeriya, ba za ka rasa masauki ko abincin gida ba. Babban haɗarinta shekarun Sampson ne, haifaffen 1955. Zari-rugarta na nan dai a Big 12, amma ba don ita ake zuwa ba.

Alabama

Idan zari-ruga ce ta ja ka, ga uwar ɗaki. Jami'ar na iƙirarin kofin ƙasa 18. Nick Saban kaɗai ya ci shida tsakanin 2009 da 2020, 'yan wasansa huɗu suka ɗauki kyautar Heisman ta gwarzon shekara: Mark Ingram, Derrick Henry, DeVonta Smith da Bryce Young. Filinsu a Tuscaloosa na ɗaukar mutum kusan 100,000, gaisuwarsu kuma kalma biyu ce, Roll Tide, a wurin biki ko a wurin makoki. Hamayyarsu da Auburn ta raba jihar gida biyu. A 2013 ana kunnen doki, saura daƙiƙa ɗaya, Alabama ta gwada bugun nesa, ƙwallon ta gaza, Chris Davis na Auburn ya karɓe ta a ƙarshen fili ya sheƙa da ita har ɗaya ƙarshen. Har yau ba a daina yi musu gori da wannan ba.

Saban ya yi ritaya a Janairun 2024, kuma magoya bayan Manchester United da suka ga tafiyar Ferguson sun san irin tambayar da ke biyo baya. Kalen DeBoer ya karɓa, kakarsa ta farko ta ƙare da ci 9 faɗuwa 4, har da shan kashi 40 da 35 a hannun Vanderbilt lokacin da Alabama ke matsayi na ɗaya a ƙasa. A wata jami'ar wannan kaka ce ta godiya, a Tuscaloosa kuwa abin kunya ne. Haɗarin ke nan: ka shigo gidan da aka saba da kofi a daidai lokacin da babu tabbacin sa, ga shi za a ce maka ɗan bi-yarima ne.

Abin da mutane ke mantawa shi ne kwandonta. Nate Oats ya zo a 2019 da salon gudu da harbin maki uku ba ji ba gani, ya kai su huɗun ƙarshe karo na farko a tarihinsu a 2024. A gasar 2025 sun zura na maki uku har 25 a wasa ɗaya da BYU, abin da ba a taɓa yi ba a gasar, da Clifford Omoruyi ɗan birnin Benin na Najeriya a tsakiyarsu. Wasan da ya biyo baya hannun ya bushe, Duke ta sallame su da tazarar maki 20. Haka salon yake.

Florida

Ita ce kaɗai cikin biyar ɗin da ta ci kofin ƙasa a wasannin biyu. Zari-ruga: 1996 ƙarƙashin Steve Spurrier, 2006 da 2008 ƙarƙashin Urban Meyer, zamanin Tim Tebow. Kwando: 2006 da 2007 ƙarƙashin Billy Donovan, da Al Horford da Joakim Noah jikan Kamaru, sai 2025 ƙarƙashin Todd Golden, da Rueben Chinyelu ɗan Najeriya cikin biyar ɗin da ke fara wasa. A farkon 2007 ta yi abin da har yanzu magoya bayanta ke tinƙaho da shi: ta doke Ohio State 41 da 14 ta ɗauki kofin zari-ruga a Janairu, ta sake doke Ohio State ɗin 84 da 75 ta ɗauki na kwando a Afrilu. Ko lemon Gatorade da 'yan wasa ke sha a duniya, a wannan jami'a aka haɗa shi a 1965 domin 'yan zari-rugarta.

Tana agogon gabas, tana SEC, don haka kallonta da sauƙi. Ɗorewa ce matsalar. Tun da Meyer ya tafi a ƙarshen kakar 2010, kujerar kocin zari-ruga ta ƙi zama: Will Muschamp, Jim McElwain, Dan Mullen, Billy Napier da aka sallama a Oktoban 2025, babu wanda ya cika shekara biyar. Kwandon ma sai da ya yi shekaru yana tangal-tangal bayan Donovan ya koma NBA a 2015. Florida kan hau can ƙololuwa ta kuma sauko da sauri.

| Jami'a | Inda ta fi ƙarfi | Kofin maza zuwa 2025 | Sauƙin kallo | Tsada | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Duke | Kwando | 5 | Sosai | Tikiti mafi tsada | Suna na nan, 'yan wasa ba sa zama | Yara su rikice a Maris |
| UConn | Kwando, maza da mata | 6 | Da wuya kafin Maris | Matsakaiciya | Koci uku, duk sun ci kofi | Faɗuwa warwas tsakanin kofi da kofi |
| Houston | Kwando | Babu | Matsakaici, cikin dare | Ta fi sauƙi ga mai tafiya | 'Yan wasa na daɗewa | Karyewar zuciya, shekarun koci |
| Alabama | Zari-ruga, kwando na tasowa | Tana iƙirarin 18 a zari-ruga | Sosai | Manyan wasanni da tsada | Ana gwada ta bayan Saban | Buri ya fi ƙarfin abin da ke ƙasa |
| Florida | Duka biyun | 3 a zari-ruga, 3 a kwando | Sosai | Matsakaiciya | Hawa da sauka | Yawan sauya koci |

To wa ya dace da wa?

Idan barcinka na da daraja, kana so ka kalli wasa ɗaya a mako ranar Asabar ka kwanta, zari-ruga ce taka, ka riƙe Alabama. Wasa 12 ba su da yawa, wasu za su faɗo maka da yamma ko farkon dare, kuma za a nuna ta fiye da kowa. Ka dai shiga da sanin cewa zamanin Saban labari za a ba ka.

Idan NBA ce asalin abin da kake bi, jami'a kuma leƙen waɗanda za su shigo baɗi kake yi, Duke ta ishe ka. Ba za ka damu da tafiyarsu ba tunda can kake jiran su.

Wanda ba shi da lokacin bin kaka gaba ɗaya, sai dai ya farka a watan Maris ya bi makonni ukun gasar, UConn ce ta fi biyan sa. Rauninta na tasha ba ya shafar sa, kuma ranakun Alhamis da Juma'ar farko na gasar, da ake buga wasa 16 kowace rana, tun wajen ƙarfe 5 na yamma agogonmu ake farawa. A gidan da mata da 'yan mata ke kallon kwando ma, babu ta biyunta.

Mai son jami'a ɗaya da za ta riƙe shi daga Agusta zuwa Afrilu, zari-ruga na ƙarewa kwando na ɗaukar zafi, tsakanin Florida da Alabama zai zaɓa. Ni Florida zan ce, saboda ta nuna tana iya kaiwa ƙarshe a duka biyun, ita kuwa Alabama ba ta taɓa buga wasan ƙarshe na kwando ba zuwa 2025. Amma wanda ba ya jure ganin ana korar koci duk bayan shekara uku ko huɗu, ya juya zaɓin.

Houston ta mai haƙuri ce, wanda ke son ya san 'yan wasansa tun suna sabbin shiga har su gama, wanda tsaro mai kyau ke burge shi fiye da tsalle-tsalle, kuma zai iya tashi ƙarfe biyun dare ya kalli wasan da aka tashi 62 da 55. Da ni aka tilasta wa ɗaukar ɗaya a kwando, ita zan ɗauka, saboda Olajuwon da saboda salon Sampson, ina sane da abin da na saya.

Ɗan Kamaru da ya ga ba a ambaci nasa ba sosai, ya leƙa Kansas. Can Joel Embiid ɗan Yaounde ya yi kakarsa ɗaya a 2013 zuwa 2014, can Udoka Azubuike ɗan Najeriya ya yi shekara huɗu, kuma Bill Self, da ya karɓi ƙungiyar a 2003, ya ci kofi a 2008 da 2022. Rukuninsu ɗaya da Houston, agogonsu ɗaya, don haka lissafin dare da na tasha bai canza ba.